Kano a Ma'aunin Jihohi: Kasuwa Ta Cika, Masana'anta Ta Rame

Tattalin arzikin Jihar Kano a kan fatauci ya ginu, kuma daga nan ya kamata a fara duk lokacin da za a auna ta da sauran jihohin Najeriya. Legas tana da tashoshin jiragen ruwa da hedikwatocin bankuna. Ribas da Delta da Akwa Ibom suna da man fetur, da kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihohin da ake haƙo shi. Ogun tana da masana'antu, Abuja tana da gwamnatin tarayya da albashin ma'aikatanta. Ita kuwa Kano kasuwa ta gada. Kantin Kwari na tufatar da Arewa da ƙasashen maƙwabta, Singa na raba sukari da taliya da sabulu da man girki, Dawanau na tara hatsi da riɗi da zoɓorodo, Ƙofar Ruwa na sayar da kayan gini da na mota, Ƙofar Wambai kuma roba da gwanjo. 'Yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Agadas da Njamena da Marwa nan suke sauka su yi lodi su koma. A Arewa babu birnin da ya kama ƙafarta a wannan fage, a duk ƙasar ma Legas da Anacha da Aba ne kawai ake jerawa da ita.

Wannan matsayi ya girmi Najeriya kanta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwar Kurmi ke karɓar ayarin fatake masu ƙetaro Sahara. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, wato a lokacin Kano tana ƙera abin da take sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, aka yi dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Dantata. Bayan an ƙirƙiri jihar a 1967, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da masaƙu da majemu da kamfanonin mai da alewa da roba, har aka daɗe ana lissafa Kano a matsayin cibiyar masana'antu ta biyu bayan Legas. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kamfanonin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wuta ta lalace, atamfar ƙasar Sin ta shigo ta iyakoki da arahar da babu masaƙar gida da za ta iya ja da ita. Kasuwa ba ta mutu ba, ta ma ƙara girma. Abin da ya canza shi ne hajar da ke cikinta ta koma ta wasu.

Alƙaluman da aka fi amfani da su wajen gwada jihohi su ne na kuɗin shiga na cikin gida, waɗanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk shekara. A 2023 Legas ta tara sama da naira biliyan 800. Ogun ta tara kusan biliyan 147, Kaduna sama da biliyan 60, Kano kuwa ba ta kai biliyan 40 ba. A 2024 Kano ta kusan ninka abin da ta samu, ta haura biliyan 70 ta ɗan shiga gaban Kaduna, amma a shekarar Legas ta riga ta wuce tiriliyan 1. Nauyin wannan tazara yana fitowa ne idan aka tuna cewa a ƙidayar 2006 Kano ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, da mutum miliyan 9.4, Legas na biye da miliyan 9.1, Ogun kuma ba ta kai miliyan 4 ba. Jihar da mutanenta ba su kai rabin na Kano ba tana tara ninkin abin da Kano ke tarawa.

Kanawa da yawa ba su yarda da wannan ma'auni ba, kuma suna da hujja. Kaso mafi tsoka na kuɗin shigar yawancin jihohi harajin albashi ne, wanda ake cirewa daga tushe kafin kuɗi ya shiga hannun ma'aikaci. Jihar da ta tara bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai dole ta yi zarra, domin ma'aikatansu ba su da hanyar kaucewa. Haka harajin VAT: shekara da shekaru manyan kamfanoni suna biyan sa daga hedikwatarsu a Legas, ko da a Singa aka sayar da kayan, ko a Fagge aka sa katin waya. Wannan ne ya sa gwamnonin Arewa suka tashi tsaye a 2024 da aka kawo ƙudurin sauya tsarin rabon harajin, kafin a daidaita a sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025. Rahoton jarin da ke shigowa daga waje ma haka yake, kusan duka Legas da Abuja yake nunawa, saboda ta bankunan can kuɗin ke biyowa. Duk wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin girman cinikin Kano ya yi kuskure babba.

A Kwari, ɗan kasuwa daga Diffa kan aiko saƙon murya ta WhatsApp ya lissafo turamen atamfa da bandir ɗin shadda da yake so. Maigidan shago ya sa yaransa su haɗa, 'yan dako su ɗaure dila, a kai tasha a rubuta suna a jikin buhu da alƙalami mai kauri. Ba a sa hannu a takarda ba, ba a yanki rasit ba. Rabin kuɗin zai shigo asusun wani yaron shago, sauran sai bayan salla idan kaya sun shige. In an sami saɓani, shugabannin layi ko dattawan kasuwa ne za su zauna su raba gardama tun kafin azahar. Miliyoyin naira sun motsa, amma babu littafin gwamnati da ya gani. Wannan tsari na amana yana da sauri da araha fiye da kotu da lauya, kuma shi ne ainihin jarin Kano.

Sai dai ba a nan maganar ta tsaya ba. Ma'aunin da ya rage wa Kano girma shi ne kuma ya tona ainihin rauninta. Dukiyar da ba ta shiga littafi ba, banki ba ya ba da rance a kanta, kamfanin inshora ba ya tsaya mata, gwamnati ba ta samun abin gina makaranta da asibiti daga cikinta, kuma sau da yawa takan watse ranar da aka raba gadon mai ita. Ciniki yana samar da 'yan dako da dillalai da 'yan kamasho da masu tura baro, amma ba ya samar da dubban ayyukan albashi irin waɗanda masaƙa ɗaya ke ɗauka. Ta wannan fuska Kano ta zama kamar tashar mota: kayan kowa na biyowa ta cikinta, kuɗin ƙasa kaɗai ake bar mata. Ribar ƙira tana can Guangzhou ta ƙasar Sin da Agbara ta Jihar Ogun, ta dako tana hannun masu jiragen ruwa, abin da ke zama a Kano la'ada ce da ribar sari. Shi ya sa rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen jihar suna cikin talauci, sama da mutum miliyan 10, adadin da ya fi na kowace jiha. A Legas kason bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Kano ta fi Sakkwato da Jigawa sauƙi a wannan lissafi, amma birnin da ke taƙama da kasuwanci ba da su ya kamata ya gwada kansa ba.

Gwada Kano da Legas kai tsaye ba adalci ba ne, domin Legas ta yi shekaru tana babban birnin tarayya kuma teku na ƙofarta. Ogun ce ta fi dacewa da gwaji, don ita ce ta karɓe kambun da Kano ta riƙe a da. Agbara da Ota da Shagamu sun cika da kamfanonin abinci da magani da ƙarfe da siminti, kuma dalilan a fili suke. Fili ya fi na Legas araha, tashar Apapa na kusa, sannan bututun iskar gas da ya taso daga Escravos tun ƙarshen shekarun 1980 ya ba masana'antun yankin damar samar da wutar kansu da arahar da man dizal ba zai taɓa yi ba. Mai kamfanin roba a Sharaɗa kuwa sai ya jira kwantenarsa ta fito daga tashar ruwa, ya ɗora ta a tirela ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000, ta ratsa shingayen jami'ai da na masu karɓar haraji a kowace jiha, sannan in ta iso ya kunna janareto da dizal. Kafin ya fitar da bokiti ɗaya, takwaransa na Ota ya riga ya fi shi sauƙin farashi, kuma a kasuwa ɗaya za su haɗu.

Maganar wuta ita ce ta fi ciwo. A tsarin rabon wutar ƙasa, kamfanin KEDCO, wanda ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, kashi 8 cikin 100 aka ware masa. Kamfanoni biyu na Legas, Ikeja da Eko, suna da kashi 26 a tsakaninsu. Da yake abin da ƙasar ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 yake, jihohi uku da suka tara mutum kusan miliyan 20 tun a ƙidayar 2006 suna raba abin da bai wuce megawat 400 ba. Manyan tashoshin samar da wutar kuma suna Kudu da Jihar Neja, layukan da ke kawo ta 'yan kaɗan ne. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ke biyowa ta Binuwai ya sami matsala, Kano da yawancin Arewa suka kwashe kwanaki a duhu. Injinan casar shinkafa suka tsaya, masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna. A watan Afrilun shekarar an riga an ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A, inda yawancin masana'antu suke. Akwai ƙoƙari a gida: tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023, da aikin samar da wuta daga madatsar Tiga. Amma garin Aba kaɗai ya sami tasha mai zaman kanta ta megawat 188 a 2024, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon kafa kasuwar wutarta. Jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar wannan iko. Ya kamata a ce Kano ce a sahun gaba, domin babu jihar da ta fi ta buƙata.

Hujja mafi ƙarfi a kan yanayin zuba jari ita ce inda 'ya'yan jiha suke kai kuɗinsu. Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u duk Kanawa ne, daga gidajen da suka yi suna a fatauci. Simintin Dangote yana Obajana a Kogi da Ibese a Ogun da Gboko a Binuwai, matatar mansa mai ganga 650,000 a rana tana Lekki. Simintin BUA yana Sakkwato da Edo, matatun sukarinsa suna Legas da Fatakwal. Akan ji ana zargin su da juya wa gida baya, amma zargin bai kama ba. Siminti yana bin dutsen da ake yin sa da shi, matata tana bin teku da bututu. Abin da za a koya daga wannan shi ne Kano na haifar da 'yan kasuwa masu ƙwazon da ba a samu a ko'ina ba, amma in jarinsu ya kai wani girma sai ya fi ƙarfin wuta da hanya da tsarin da jihar ke iya bayarwa.

Duk waɗannan matsaloli ne na wuri da na gwamnatin tarayya, kuma gwamnan Kano ba zai jawo teku zuwa jiharsa ba. Shi ya sa gwadawa da Kaduna ke da muhimmanci, don ita ma ba ta da teku kuma a layin wuta ɗaya suke. Daga 2015 Kaduna ta ɗauki wasu matakai da ba su buƙatar izinin Abuja. Ta mayar da rajistar filaye kan kwamfuta a ƙarƙashin hukumar KADGIS, ta haɗe dokokin haraji wuri ɗaya, ta hana karɓar haraji hannu da hannu, ta kafa hukuma guda da mai zuba jari zai tunkara maimakon yawo ofis-ofis. Kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun a 2017. A rahoton Bankin Duniya na 2018 kan sauƙin kasuwanci a jihohin Najeriya, Kaduna ce ta zo ta ɗaya wajen rajistar kadara da tilasta cika yarjejeniya, kuma tana cikin jihohin da suka fi samun ci gaba tare da Inugu da Abiya da Legas da Anambra. Kuɗin shigarta, wanda bai kai biliyan 15 ba a 2015, ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekara takwas. Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Jihar ta ɗauki bashin waje mai nauyi, an rushe kasuwanni an tashi 'yan kasuwa da yawa, kuma matsalar tsaro, wadda harin jirgin ƙasa na watan Maris 2022 ya fito da ita fili, ta cinye wani ɓangare na amfanin. Duk da haka ta nuna cewa jiha mai ƙaramar kasuwa na iya shiga gaban mai babba idan ta gyara takardunta.

Gombe ma ta zo ta ɗaya sau biyu, a 2021 da 2023, a binciken da majalisar fadar shugaban ƙasa kan sauƙaƙa kasuwanci ta gudanar, Jigawa da Sakkwato na kusa da ita. Irin wannan sakamako yana buƙatar a karanta shi da hankali, domin ra'ayin 'yan kasuwar da aka tambaya ne, kuma inda nema ya yi kaɗan layin ofis ba ya tsawo. Babu wanda zai kwashe shagonsa daga Kwari ya koma Dutse saboda rahoto. Amma kuma bai kamata a yi watsi da shi ba, musamman da yake Kano ta daɗe tana wakiltar ƙasar: daga rahoton sauƙin kasuwanci na duniya na 2015 har aka daina fitar da shi a 2021, Legas da Kano ne biranen da Bankin Duniya ke aunawa don ba Najeriya maki a duniya. An kuma yi wasu gyare-gyare, irin su kotunan ƙananan basussuka da hukumar KANGIS ta filaye. Kafa hukuma abu ne mai sauƙi. Abin da ɗan kasuwa ke dubawa shi ne wata nawa takardarsa za ta yi kafin ta fito, kuma hannu nawa za ta bi.

A nan ne Kano ta fi cutar da kanta, wato a kan fili da ɗorewar manufa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka darajar takardar mallaka tana rataye ne da yadda gwamna mai zuwa zai mutunta sa hannun wanda ya gabace shi. A Kano siyasa ta yi zafin da kowace gwamnati ke shigowa da niyyar warware abin da ta tarar. Ana yanka filayen makarantu da masallatan idi da hanyoyin ruwa a raba a wani zamani, a zo a rushe a wani. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da sabuwar gwamnati, aka rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, bisa hujjar cewa an ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan suka kai ƙara, kotu ta ba da umarnin biyan diyya. Ana iya yarda cewa bai kamata a sayar da filayen ba tun farko, kuma a yarda cewa wanda ya saya da takardar gwamnati a hannu bai cancanci ya wayi gari ya ga katafila a ƙofarsa ba. Laifin na ɓangarorin biyu ne, amma hasarar ta jiha ce baki ɗaya. Wanda ke tunanin kafa masana'antar da ba za ta mayar da kuɗinta ba sai bayan shekara goma, ya ga abin da ya faru ya kuma yi lissafinsa. Legas tana da nata rushe-rushen, amma tun 1999 ɓangaren siyasa ɗaya ke mulkinta, kuma ayyuka irin su tashar ruwa ta Lekki sun ratsa gwamnoni da dama ba a soke su ba.

Sauran abubuwan da ke hannun jiha ƙanana ne a ido, amma su ke cin ɗan kasuwa kullum. Mai shago ɗaya zai ga jami'in harajin jiha, da na ƙaramar hukuma, da na tsaftar muhalli, da na allon talla, da na hukumar kasuwa, kowa da rasit ɗinsa, wani ma babu. Abin da ke fita daga aljihunsa ya fi abin da ke isa baitulmali nesa ba kusa ba, don haka shi yana kukan haraji ya yi yawa, gwamnati na kukan ya yi kaɗan, kuma duk gaskiya suke faɗa. An gina shaguna a kan hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi da magudanan da ruwa zai wuce. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, ambaliyar daminar 2022 ta jiƙa kayan miliyoyi a Kwari, kuma mafi yawan masu kayan ba su da inshora. Wasu na gudun ta ne saboda shakkar halascinta, kamar yadda suke gudun rancen banki saboda kuɗin ruwa. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da Kano cikin rassansa na farko, da kamfanonin takaful sun buɗe ƙofa, amma har yanzu ƙaramin kaso na kasuwar suka kai.

Akwai darasi a Kudu maso Gabas da ba a cika kawowa ba. Nnewi a Anambra gari ne na 'yan kasuwar kayan mota da babur, waɗanda suka fara da sarowa daga Taiwan. A shekarun 1980, da kuɗin waje ya yi wuya, wasunsu suka sayo injinan da ke ƙera kayan suka kafa a gida, suka haƙa rijiyoyinsu suka samar da wutarsu. Daga cikin irin wannan tushe kamfanin motoci na Innoson ya fito. A Aba dubban masu ɗinkin takalma da jaka ke aiki a Ariariya. Su ma suna da tsarin yaron shago da maigida ke sallama da jari bayan wasu shekaru, kamar na Kano. Bambancin shi ne inda riba ke tafiya. A Kano attajirin da ya samu yakan ƙara shago, ya gina filaza, ya sayi fili, ya buɗe gidan mai. Ba rashin wayo ba ne, lissafi ne: dila tana juyawa cikin wata biyu, inji kuwa sai ya shekara biyar yana jiran wuta. Amma jimillar wannan lissafi ita ce birni mai yawan shaguna da ke sayar da hajar masana'antun wasu.

Inda Kano ta fi takwarorinta da gaske, kuma har yanzu ba ta ci moriyar ba, shi ne noma da sarrafa amfanin gona. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970 ta ba Kura da Bunkure da Garun Malam noman rani irin wanda jihohi kaɗan ke da shi. Kamfanonin shinkafa sun yawaita a jihar, musamman bayan rufe iyakoki daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, har Kano ta zama babbar cibiyar casar shinkafa a ƙasar, tana jawo shanshera daga Jigawa da Kebbi da Taraba. Amma labarin kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa ya nuna iyakar abin. An buɗe shi a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, tsutsar da ta afka wa tumatir a shekarar ta tsayar da shi, daga baya ya riƙa buɗewa yana rufewa saboda rashin isasshen kaya. In tumatir ya yi tsada manomi ya kai Kwanar Gafan ya sayar wa masu lodin Legas, in ya yi kwantai sai a tuna da kamfani. Babu yarjejeniya mai ƙarfi tsakanin manomi da masana'anta, babu irin da zai ba da yabanya mai yawa. Fata ma haka: majemun Challawa da Sharaɗa suna jeme fatar akuya da tumaki da ta yi suna a duniya, a fitar da ita Italiya da Sifaniya, takalmin ya dawo da tsada. Riɗi da zoɓorodo da citta da ƙaro ana tara su a Dawanau, a share a zuba a buhu, su fita ɗanye ta Legas.

Ƙarƙashin duk wannan akwai maganar ilimi. Masana'antar zamani tana neman wanda zai karanta umarnin inji, ya riƙe lissafin sito, ya gyara wayar lantarki. Kano na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, yayin da a Ogun da Anambra mai kamfani ke samun ƙwararrun ma'aikata a ƙofarsa. Jihar na da Jami'ar Bayero da ta kimiyya da fasaha a Wudil da wasu, ta kuma tura ɗalibai da yawa karatu waje, amma giɓin yana ƙasa, a firamare da makarantun koyon sana'a. Ta fuskar tsaro kuwa, bayan hare-haren watan Janairun 2012 da na babban masallacin Juma'a a 2014, waɗanda suka kori baƙin 'yan kasuwa na wani lokaci, Kano ta fi Kaduna da Katsina da Zamfara zaman lafiya. Sai dai abokan cinikinta a waɗannan jihohi suke, kuma ƙauyen da aka tasa ba ya aiko hatsi Dawanau, ba ya sayen atamfa a Kwari. Haka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, wanda ya kai har Maris 2024, ya taɓa Kano fiye da yadda ya taɓa Legas ko Ogun.

Manyan ayyuka uku na tarayya za su iya sauya lissafin. Bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar a 2020, shi ne zai ba Challawa da Bompai abin da Agbara ta daɗe tana mora. Layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano da wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina zuwa Maraɗi an fara su a 2021. Tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, da aka buɗe a watan Janairun 2023, an yi ta ne don a riƙa sauke kwantena a biya kwastan a Kano, amma amfaninta na rataye da jirgin da zai kawo kayan daga teku, kuma layin zamani da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya. Kowanne daga cikin ayyukan ya wuce wa'adin da aka fara ɗibar masa. Ko sun kammala, ba Kano kaɗai za su amfana ba. Bututun zai bi ta Kaduna kafin ya iso, kuma mai neman wurin kafa masana'anta zai gwada takardar filin jihohin biyu. Kaduna da Funtuwa duk suna da tashoshin tsandauri nasu. Jirgin da zai fitar da riɗi da fata cikin araha shi ne zai shigo da kayan Sin da na Ogun cikin araha, kuma layin da ya kai Maraɗi zai ba ɗan kasuwar Nijar damar karɓar kwantenarsa kai tsaye ba tare da ya kwana a Fagge ba.